Kuɗin Mene Ne YQ?

A wani ofishin sayar da tikiti da ke Kano na fara cin karo da haruffan nan biyu. Yayata ce za ta Alƙahira ganin likita, aka ɗora mini neman tikiti. Na ga talla a waya, na tanadi kuɗin da tallar ta faɗa, na je. Yaron da ke zaune gaban kwamfuta ya danna nan ya danna can, ya kira mini abin da ya kusa ninka wanda na riƙo. Na ce ya buga mini a takarda in gani da idona. Layin farko kuɗin tafiya ne, daidai da na tallar, ko kwabo bai ƙaru ba. A ƙarƙashinsa sai ga haruffa bibbiyu sun yi jerin gwano, kowanne da adadinsa a gefe. Wanda ya fi su nauyi an rubuta masa YQ.

Na ɗora yatsa a kai. "Samari, wannan fa kuɗin mene ne?"

"Haraji ne, Baba."

"Na wace gwamnati?"

Ya ɗan yi jim. "Gaskiya ba gwamnati ke karɓa ba, kamfanin jirgin ne. Mu dai kuɗin mai muke ce masa."

"To, in mai ya sauka shi ma yana sauka?"

"Ba kullum ba, Baba."

Kuɗi ɗaya, suna uku, cikin minti guda. Yaron bai yi niyyar ruɗa ni ba, abin da ya tarar ana faɗa ya faɗa. Na biya raina a ɓace, domin ranar ganin likita ba ta jiran kowa. Amma na ninke takardar na sa a aljihu, kuma tun ranar nake bin sawun kalmomin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya.

Bahaushe ba ya sakin kuɗi sai ya ɗaure su a turke. Kuɗin mota, kuɗin cefane, kuɗin ɗinki, kuɗin makaranta, kuɗin wuta. Ɗan ƙaramin "n" ɗin nan da ke wutsiyar kuɗi shi ne igiyar, kalmar da ta biyo baya ita ce turken. Har harajin sarakunan da a ɗaure yake: kuɗin ƙasa, kuɗin rafi na masu noman rani, kuɗin karofi na marina. Marini yana iya kukan an tsawwala masa, amma ya san ramin rininsa aka ƙirga, ya kuma san fadar da kuɗin za su. Da na ce wa yaron nan "kuɗin mene ne?" turken nake nema.

Mu fara da jirgin kansa. A da, jirgi na ruwa ne kawai, ba a yi masa ƙarin bayani. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai aka sami jirgin ƙasa. Da jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a Kano a 1925 sai aka sami jirgin sama. Tsohon jirgi na asali kuwa dole ya karɓi laƙabi, ya zama jirgin ruwa, don a bambanta shi da ƙannensa.

Sana'ar mai jirgin ruwa ita ce fito, wato ƙetarar da mutane kogi, ladansa kuma kuɗin fito. Dubi inda kalmar ta kwana. Ta bar bakin kogi ta koma bakin iyaka, yau kuɗin fito shi ne abin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su. Ashe a cikin harshenmu ma akwai kuɗin tafiyar da ya rikiɗa ya zama haraji. Sai dai shi da rana tsaka ya yi ƙaurarsa, kowa ya san hannun da ke karɓarsa yanzu.

Turancin Ingilishi ya bi wata hanya mai kama da wannan. Kalmar "fare", da suke kiran kuɗin mota ko na jirgi da ita, asalinta tafiya ce ita kanta. Daga tsohon aikatau "faran" ta fito, ɗan'uwan "fahren" na Jamusanci, kuma har yanzu tana nan cikin "farewell", wadda tushenta addu'ar tafiya ce, kamar yadda mu kan ce a sauka lafiya. Sunan tafiya ya zama sunan kuɗin tafiya, domin a da abu ɗaya ne: ka biya, a kai ka.

A takardata kuwa ba "fare" kawai aka rubuta ba, an rubuta "base fare", kuɗin tushe. Duk kalmar da ta wayi gari tana bukatar laƙabi, to ta yi ƙanne, kamar jirgin ruwa. Wanda ya ce maka ga tushe ya riga ya gaya maka gini na tafe.

Tikiti daga Ingilishi muka aro shi, Ingilishi kuma daga tsohon Faransanci, inda "estiquette" take nufin 'yar takardar da ake mannawa a jikin abu don a san ko mene ne. Duk wanda ya yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram zai gaya maka "étiquette" har gobe ita ce takardar da ke jikin kaya a kanti, mai faɗin sunansa da kuɗinsa. Aikin tikiti tun a zanen goyo shi ne bayyanawa.

Farashi ma baƙo ne, ko da yake ya zauna har ya yi furfura. "Price" ce ta Ingilishi, "p" ta koma "f" kamar yadda ta yi a fasinja da fursuna da fam. Me ya sa muka aro ta, alhali muna da ciniki da tayi da tsada da araha? Ina kyautata zaton kanti ne ya kawo ta, wurin da ake yanke kuɗi ba a tayawa. A kasuwa kuɗin kaya na hawa yana sauka, amma a gaban idonka, kuma kana da baki. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a ce an sallama. A kanti ba ka da baki, amma kuɗin a tsaye yake. Tikitin jirgi ya ɗauki hawa da sauka irin na kasuwa ya haɗa da rashin baki irin na kanti.

Kujerun da ke jere a sashe ɗaya na jirgi, masu faɗi ɗaya da abinci ɗaya, an rarraba su aji-aji a cikin kwamfuta, kowane aji da harafinsa. Y shi ne cikakken kuɗi a sashen talakawa, sauran haruffan na ƙasa da shi suna da rangwame da sharuɗɗa. Kwamfuta ce ke buɗe aji ta rufe aji gwargwadon yawan masu nema. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne bayan da Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a 1978, kuma sunanta "yield management". "Yield" amfanin gona ne, abin da aka girbe. Fasinja a wannan lissafi gona ce. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana abin a 2022 da 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin ƙetare suka maƙale a ƙasar saboda ƙarancin dala, har suka haura dala miliyan 800. Kamfanoni da yawa suka rufe azuzuwan araha ga mai saye da naira. Ba a yi shelar ƙarin farashi ba, haruffa kawai aka kulle.

Kalmar da ta fi taɓa ni ita ce "tariff", ko "tarif" a Faransanci. Ita ce sunan jadawalin kuɗin jirgi da ƙa'idojinsa a harshen masu sana'ar. Wasu kan ce daga Tarifa ta samo suna, garin nan na bakin ruwa a ƙarshen kudancin Sifen, wai don a can ake karɓar kuɗin fito. Labari ne mai daɗi, amma masana asalin kalmomi ba su karɓe shi ba. Shi garin sunan Tarifu ɗan Maliku ya ci, wanda ya sauka a wurin a shekarar 710. Ita kuwa kalmar daga Larabci take, "ta'arif", sanarwa, daga saiwar da ke nufin sani. Ta bi fataken Bahar Rum ta shiga Italiyanci a matsayin "tariffa", ta wuce Faransanci, ta isa Ingilishi.

Mu ma mun karɓe ta, ta wata ƙofar daban. A zaure malam kan fara darasi da ta'arifi, ya faɗi ma'anar abu da iyakarsa kafin a shiga hukuncinsa. Kalma ɗaya ce ta fita daga gida ɗaya, reshe ɗaya ya bi raƙuma ya zo mana a littafi, ɗayan ya bi jiragen ruwa ya zagayo ya zo mana a jikin tikiti. Na zaure har yanzu yana aikinsa na sanarwa. Na jikin tikitin ne ya sa ni tsayawa da yatsa a kan haruffa biyu ina tambaya.

To, haraji fa? Shi ma Larabci ne, "kharaj", abin da ake karɓa a kan ƙasar noma. Takwaransa "tax" daga Latin yake, daga aikatau mai nufin ƙiyasta ƙimar abu, kuma yana da jika a titunanmu: tasi, wadda ta ci sunan na'urar da ke ƙirga kuɗin tafiya a cikinta.

Akwai haraji na gaskiya a jikin tikiti, kuma ban ga laifin sunayensu ba. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti, ta raba da sauran hukumomin fannin. Hukumar filayen jirgi, FAAN, tana da kuɗin hidimar fasinja, wanda aka ninka a 2020 daga naira 1,000 zuwa 2,000 a tafiyar cikin gida. Ingila tana karɓar harajin fasinja tun 1994, alamarsa GB. Amurka tana da kuɗin tsaro da ta raɗa wa sunan 11 ga Satumba. Faransa ta ƙirƙiro harajin taimakon juna a 2006, wanda bakin jama'a ya laƙaba wa sunan Shugaba Chirac, don sayen magunguna ga ƙasashe matalauta, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗauki tsarin. Kana iya cewa sun yi yawa, ni ma haka na gani. Amma kowanne yana da turke: ga doka, ga mai karɓa, ga dalili.

YQ a cikin layinsu yake tsaye, da haruffa biyu irin nasu, cikin akwatin da ake zuba haraji. Shi da ɗan'uwansa YR babu gwamnatin da ta sa su, babu baitulmalin da suke shiga. Aljihun kamfanin jirgi suke komawa, inda kuɗin tushe ke zuwa.

Sunansa na yanka "surcharge". Rabinsa na biyu mun san shi sarai, mun ce caji: cajin waya, caji ofis, an caje ni da yawa. Me ya haɗa batir da ofishin 'yan sanda da kuɗi? Lodi. Kalmar daga Latin take, daga aikatau mai nufin yi wa amalanke lodi, kuma daga gidan nan "car" da "cargo" suka fito. Ana yi wa batir lodin wuta, ana yi wa wanda ake tuhuma lodin laifi, ana yi wa mai saye lodin kuɗi. "Sur" kuwa Faransanci ne, yana nufin bisa. Lodi bisa lodi ke nan. Direbobinmu sun daɗe da kalmar da ta yi daidai da wannan, obalodi, kuma duk ɗan kamasho ya san laifi ne.

Da farko an ɗaure shi a turken mai. Man jirgi wani tataccen nau'in kananzir ne, shi kuma kananzir daga "kerosene" muka aro shi, sunan da wani ɗan Kanada, Abraham Gesner, ya ƙirƙira daga kalmar Girkanci mai nufin kaki. Da ɗanyen mai ya fara tashi, sai kamfanoni suka ce ga ɗan ƙari na wucin gadi. British Airways ta fara nata a Mayun 2004 da fam 2.50 a kowace tafiya. Ƙarin ya yi ta hawa har gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147 a Yulin 2008. A tsakanin nan asiri ya tonu cewa British Airways da Virgin Atlantic suna haɗa baki a kan adadin. A 2007 Amurka ta ci tarar British Airways dala miliyan 300, Ingila kuma fam miliyan 121.5, wanda daga baya aka rage. Virgin ta tsira domin ita ta kai ƙara.

Ba na musun cewa mai na cin kamfanonin jirgi. A Mayun 2022 masu jiragen Najeriya sun yi barazanar ajiye aiki saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Kuma ana iya riƙe sunan nan da gaskiya. A Japan an ɗaure ƙarin a jikin farashin kananzir na kasuwar Singafo, ana dubawa duk wata biyu, har a 2016 ya koma sifiri na wasu watanni. Wannan ya cancanci a kira shi kuɗin mai.

A sauran wurare kuwa, ganga ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ƙarin bai biyo ta ba yadda ya kamata. Kafin nan ma an riga an sauya masa suna. A 2012 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ce duk wanda ya kira abu kuɗin mai, to dole adadin ya yi daidai da ƙiyasin abin da mai ya ƙaru, kuma kada a kira kuɗin kamfani haraji. Hanya biyu ce a gaban kamfanoni, su gyara adadin ko su gyara sunan. Da yawansu suna suka gyara, ya zama "carrier-imposed surcharge", ƙarin da mai ɗauka ya ɗora. Karanta shi da Hausa ka ji: kuɗin da na sa. An kwance igiyar daga turke an ɗaura ta a hannun mai dabbar. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin sunan bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi komai ba.

Me zai hana a zuba shi cikin kuɗin tushe a huta? Amsar tana wurin dillali. Dillali Larabci ne, mai nuni, ladansa kuma la'ada, daga "al-ada", abin da aka saba. La'adar mai sayar da tikiti a kan kuɗin tushe aka fi lissafa ta, haka rangwamen da ake yi wa manyan ma'aikatu. Duk abin da aka fitar daga tushe aka mayar YQ ya tsira daga la'ada da rangwame. Wanda ya tara makin yawan tafiya aka ba shi tikitin kyauta, a kamfanoni da yawa tushen kawai aka yafe masa, sai ya biya YQ. In kuma aka fasa tafiya da tikiti mai araha, harajin gwamnati kan dawo, shi kuwa sau da yawa ba ya dawowa.

A kasuwarmu ma akwai ƙari bayan an gama ciniki, sunansa gyara. Mai tumatir ta cika maka kwano, ka ce a gyara, ta ɗora biyu ko uku a kai. Daga hannun mai sayarwa yake fitowa zuwa ga mai saye. Ƙarin jirgi ya juyo da kan kibiyar.

Sai kuma 'yan ƙananan da ke biyo baya: kuɗin jaka, kuɗin abinci, kuɗin sauya rana. A 2008 American Airlines ta fara karɓar dala 15 a kan jakar farko, wasu suka bi sahu. Masu sana'ar suna kiran waɗannan "ancillary", daga "ancilla" ta Latin, kuyanga, mai tafiya bayan uwargijiyarta da kaya a ka. A wasu kamfanonin masu araha kuyangin nan sun kusa kamo uwargijiyar. Dubi kujera kaɗai. In maniyyaci ya ce ya biya kuɗin kujera, Hajji gaba ɗaya yake nufi, jirgi da masauki da hidima, an naɗe su cikin kalma ɗaya. A shafin sayen tikiti kuwa kuɗin kujera shi ne abin da za ka ƙara, bayan ka biya tafiya, don a bar ka ka zauna kusa da mahaifiyarka.

Malaman fiƙihu sun sa sanin kuɗi da sanin kaya cikin sharuɗɗan ciniki, cinikin da aka jahilci ɗayansu kuma suna kiransa garari, kalmar da kunnen Bahaushe ya sani tun daga "ya shiga garari". In za a yi adalci, tikiti bai kai nan ba, domin kafin ka miƙa kuɗi an gaya maka jimla. Tarayyar Turai ta wajabta nuna cikakken kuɗi tun a talla da dokarta mai lamba 1008 ta 2008, Amurka ta yi haka a Janairun 2012. Doka ta kama jimla. Sunayen da ke cikin jimlar ne suka zille mata, kuma a inda ba a tsaurara ba, talla na nan tana nuna tushe ta ɓoye ginin.

To, da me za mu kira shi da Hausa? Haraji ƙarya ne. Kuɗin mai tsohon suna ne da mai shi ya yar. Ƙari ya yi faɗi, albashi ma ana yi masa ƙari. Tara tana bukatar laifi. Tsarabe-tsarabe ya dace da kuyangin, amma ya yi wa YQ kaɗan, tunda wani lokaci yakan yi kafaɗa da kuɗin tushe. Obalodi ya yi kusa, sai dai na mota ne, kuma aro ne.

Na daɗe ina juya su kafin in ji wata tsohuwa tana faɗin shekarun mijinta, ta ce tamanin da ɗoriya. Ɗoriya! Daga ɗora take, aza kaya bisa kaya, daidai da "sur" da "charge" gaɓa da gaɓa. Ta ma fi su da abu ɗaya: in Bahaushe ya ce ɗari da ɗoriya, ya gaya maka akwai wani abu a sama, bai kuma gaya maka nawa ba ne ko na mene ne. Duk halin YQ yana cikinta.

Bayan wata shida likita ya ce Yaya ta koma. Na sake zuwa ofishin, na tarar da yaron nan a kujerarsa. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya danna kwamfuta ya faɗi kuɗin tushe.

Na ce, "To samari, ɗoriyar fa nawa ce?"

Bai tambaye ni abin da nake nufi ba. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, ya sa bakin biro a kan YQ.